Yadda Na Karɓi Tuta a Hannun Yaya Modu

'Yan majalisa, tunda na dawo daga Nguru ba ku bar ni na kurɓi shayi da daɗin rai ba. Wannan ya ce me ya faru, wancan ya ce wai da gaske ne a bayan motar shanu na shigo gari. Alhaji Saleh har gida ya bi ni, wai ya zo gaisuwa, mutumin da ko lokacin da na karye bai leƙo ni ba. To ga shi na rubuta muku da karatuna na aji uku na elemantare, wanda har gobe ya fi digirin jikokinku nauyi. Kowa ya karanta a gindin bishiyar mainar da muke zama, a bar ni na huta.

Kun san ni ɗan Nguru ne. Kifi ya kawo ni Gashua, aure ya ɗaure ni. Yayana Modu kuwa bai taɓa barin gida ba. Tun yana saurayi yake aikin reluwe, mai tuta ne a get. Sai na yi muku bayani, ku da ba ku taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a talabijin. Daga babbar tasha akwai wani ƙaramin layi da ya ratsa gefen gari ya nufi kara, inda ake loda shanu a tarago. Layin ya ƙetare hanyar mutane, a nan get ɗin yake. In jirgi zai wuce, Yaya Modu ya rufe, ya busa usur, ya ɗaga jar tuta ko koriya. Wannan layi ya daɗe da mutuwa. Yaya ya yi ritaya tun gashin kaina yana baƙi. Amma yana nan a ɗakin get ɗin, ya ƙi fita.

'Yarsa Falmata, wadda take aure a nan unguwarmu, ita ta zo mini da kuka. Ta ce, "Baba Bukar, bangon ɗakin nan ya tsage, hannuna yana shiga. Ga hadari ya fara haɗuwa. Ruwa ɗaya mai ƙarfi, a kansa zai zauna. Na je, mijina ya je, limamin unguwarsu ya yi magana, ya ce shi yana bakin aiki. Kai kaɗai ka rage."

Na ce, "Mutumin da ya zane ni a kan na taɓa masa usur, shi zai ji maganata?"

Ta ce, "Ko a ɗaure ne, ka kawo mini ubana kafin ruwa."

Shi ke nan abin da ya fitar da ni. Ba yawon buɗe ido na je ba, kamar yadda Malam Adamu yake yaɗawa.

Mijin Falmata ya ɗauko mana shatar motar Kyari. Kun san ta, wadda ake buɗe ƙofarta daga waje, a rufe ta da igiya daga ciki. Shata ce, amma Kyari bai san ma'anar kalmar ba. Ba mu bar gari ba ya ɗauki wani Bafillatani da ragonsa. Rago a but, kansa a kafaɗata, mai ragon a gefena yana tauna asawaki. Kun san tsakaninmu da Fulani, ba a zama shiru.

Na ce, "Kai da ragon wa ya biya wa wani kuɗin mota?"

Ya ce, "Ragon ya biya mini, Babarbare. Kai ina za ka da wannan tumbin?"

"Zan ɗauko ma'aikacin jirgi."

"Wane jirgin?"

"Jirgin ƙasa, wanda ya riƙa kai kakanninka Ikko suna kuka."

Ya tofar da asawakin ta taga. Ya ce, "Allah ya saka wa jirginku da alheri. A kan layin nan shanuna suke kiwo. Duk ƙasar nan ba inda ciyawa ta fi kyau, ba mai noma wurin, ba mai kora." Ragon ya yi atishawa a kunnena, wai shi ma ya shaida.

Gaba da Jajimaji muka iso iyaka. Ba a tambayar fasfo, amma akwai jami'ai: wasu ƙarti da shebur, sun tsaya a kan wani rami suna zuba masa yashi. Na san ramin. Tun aurena na biyu suke cike shi, bai cika ba, su ma ba su gaji ba. In mota ta taho su zuba, in ta wuce su kwashe. Kyari ya ɗaga musu hannu, suka yi masa addu'ar da ba ta kai zuci ba.

Yadda za ka tabbatar ka bar ƙasar Bade ka shiga tamu, gaisuwa ce. Ku mutanen Gashua in kun haɗu, "Lafiya?" "Lafiya," kowa ya wuce kamar an bar kifi a wuta. Mu kuwa wushe, wushe, ya gida, ya iyali, ya rana, ya jiya, ya shekaran jiya, a koma wushe. Kyari ya tsaya tambayar wani dattijo ko ruwa ya ci hanya a gaba. Kafin su gama gaisawa wata mota ta taho daga can ta wuce mu, muka gane hanya lafiya, muka tafi ba a kai ga tambayar ba.

Na ce Kyari ya bi ta tasha, na gan ta. Ginin yana nan, Turawa ba su yi ha'incin siminti ba. Babban layin da ya taho daga Kano shi ma yana nan, kwance cikin ciyawa kamar maciji ya ƙoshi. Wata shekara a ce an gyara, jirgi ya leƙo, manya su zo da babbar riga a yi hoto, ya koma, shi ke nan sai wani zaɓen. A inda muke tsayawa muna yara mu ga ana loda gyaɗa da fatu da ƙiraga da kanwa da ƙaro da busasshen nama, Yarabawa da Ibo da Larabawa kowa yana ihu da yarensa, na tarar da awaki uku ko huɗu suna taron gaggawa a inuwa. Wata tarago ta zama shagon mai cajin waya. Na tambaye shi yaushe jirgi zai zo. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Baba, in caji ne kawo."

Ku kada ku yi dariya. Lokacin da muke da wannan tasha, ku a kan jaki kuke kawo mana kayanku, kuna tambaya ko jirgin yana cizo.

Ɗakin Yaya na can ƙarshen unguwa. Da, fili ne fetal, yanzu gidaje sun kewaye shi. Get ɗin babu, sai ginshiƙi ɗaya da ake ɗaure akuya. Na same shi zaune a bakin ƙofa cikin tsohon kakinsa, wankakke, gogagge, tutoci biyu a naɗe a cinyarsa, usur a wuya. Ya rame, idon ya yi fari-fari. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Bukar, ka yi ƙiba. Matsa, a kan layi kake."

Na duba. Yashi ne da kashin awaki. Na matsa.

Falmata ba ta yi ƙari ba. Tsagar bangon ta taso daga ƙasa har rufi, in kana ciki kana ganin masu wucewa. Ya toshe ta da tsumma da buhu. Masaukina ke nan, tabarma a ƙarƙashin tsagar, ƙadangaru suna shige da fice ta kaina ba sallama.

Abinci daga gidan Ya Kolo ya zo, tsohuwar maƙwabciyarsa, wadda take ciyar da shi tun rasuwar matarsa. Burabusko da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai. Na ci har na manta abin da ya kawo ni. Ku da kuke dafa kifi da safe, kifi da rana, kifi da dare, har zufarku ƙarni take, ba za ku gane ba. Ya Kolo ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Bukar mai kifi, matar taka ba ta ba ka abinci ne? Ci a hankali, kwanon nawa ne."

Da na ƙoshi, na fara aikin da aka aiko ni. Na bi ta lallashi: jikoki suna kewarsa. Ya ce su zo. Na bi ta tsoro: bango. Ya ce bangon ya girme ni kuma ya fi ni hankali. Na bi ta addini, ya fi ni ayoyi. Washegari da safe na sake, Kyari yana zaune a mota yana duban sama, don gabas ta fara baƙi. Ƙarshe haƙurina ya ƙare.

Na ce, "Yaya, don Allah wane aiki? Ina layin? Ina get ɗin? Ina jirgin? An ba ka ritaya tun Falmata tana goye!"

Ya shafa usur ɗin da ke wuyansa. Sannan ya ce, "Ka ɗauka na haukace ne? Na san babu jirgi, Bukar. Na fi ka sani, ni nake zaune a nan. Ranar da aka ɗauke ni aiki, shugaban tasha ya kawo ni wurin nan ya nuna mini inda jirgi ya bi ta kan ayarin jakan kanwa da mai su, don mai get ya tafi cin abinci kafin mai canjinsa ya iso. Ya ce, Modu, ko gobara ake a gidanku, ba ka barin get sai wani ya karɓi tuta a hannunka. Na ce na ji. Ritaya a ofis aka yi ta. Aka ce in jira mai canjina. Bai zo ba. Ba wanda ya zo ya ce an daina. Kawai dai aka daina."

Ya gyara tutocin a cinyarsa. Ya Kolo, da ta zo ɗaukar kwano, ta juya baya tana gyaran mayafi.

Kun san bakina, ba ya iya zama a irin wannan wuri. Na miƙe, na ƙame, na sara masa kamar soja. Na ce, "To, ranka ya daɗe, ga mai canjinka ya iso. An yi lattin mota ne." Wallahi tsokana nake, don Ya Kolo ta yi dariya.

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya ɗago ya dube ni da fararen idanun nan. Ya ce, "Da gaske kake?"

Ya Kolo ta taka mini ƙafa, da nauyinta duka. Na ce, "Da gaske."

Ya ce, "Ba ka da tsayi, kuma kana da surutu. Amma ba a zaɓen mai canji. Ɗauko mini sandata. Ba a karɓar aiki sai an duba layi."

Jama'a, ashe duba layi da ƙafa ake yi, daga tasha har kara, kuma a kan layin, ba a gefensa ba. Layin kuwa yanzu ta cikin gidajen mutane ya bi. Yaya yana gaba da sanda, ina biye da tutoci. Muka iso wata katanga, ya yi sallama, muka shiga zaure, muka ratsa tsakar gida. Mata suna daka, ko ɗagowa ba su yi ba. Ɗaya ta ce, "Baba Modu, jirgi ne?" Ya ce, "Dubawa ce." Ta janye turminta daga kan layi, muka wuce, ta mayar. Ashe duk Juma'a yake yi, sun saba. Ni ne baƙo. A gida na gaba wata tsohuwa ta biyo ni da muciya, sai da Yaya ya ce sabon ma'aikaci ne. Ta ce, "Wannan? Lallai reluwe ta lalace."

Layin ya shiga wani ƙaramin masallaci ta alƙibla ya fita ta wurin alwala. Muka tuɓe takalma muka bi shi. Ya bi ta ƙarƙashin injin niƙa. Ya bi ta bayan gidan wani, nan kam na ce na yarda, lafiyarsa ƙalau, ba sai na leƙa ba.

Ina tafe ina tambayar abin da ku ma za ku tambaya: ina ƙarafan? Yaya ya ce, "Suna nan." Ya kai ni maƙera, ya ƙwanƙwasa uwar maƙerar da sandarsa. Guntun dogo ne. Ya ce, "Wannan daga kwanar kara yake." Maƙerin ya yi gaisuwa har ƙasa, yana kare ta da jikinsa. A wata makarantar allo da boko, ƙararrawar da aka rataye a bishiya, dogo ce. Gadar da aka ɗora a kan kwata, dogo biyu. Azarar zauren wani mai kuɗi, wanda aka ce shi ya fi kowa zagin gwamnati a kan mutuwar jirgi, dogo ce sambal, an shafa mata koren fenti don ta musulunta. Bencin mai shayi, ƙarfen da ake girka dogon a kansa ne. Sauran kuma 'yan gwangwan sun kai shi Kano a kan mota, wato layin ya bi sawun jirgin.

Na ce, "Yaya, ai an sace layin nan kaf."

Ya ce, "Kul. Mutanen Nguru ba ɓarayi ba ne. Ajiya suka yi. Na san inda kowanne yake."

To ku ji. Garin da ya cinye jirginsa da ƙarfe da ƙusa, sannan ya zauna a kan bencin yana tambayar ina jirgi. Ku mutanen Gashua kada ku yi murna. Ba a ba ku ba ne. Da an ba ku, da yanzu a kansa kuke banda kifi.

Muka isa kara, ya nuna mini tudun da shanu suke hawa su shiga tarago, yanzu masu awo ne a kai. Muka dawo ina jan ƙafa, shi ko haki ba ya yi. A bakin ginshiƙin akuyar nan ya tsaya, ya gyara kakinsa. Ya Kolo ta fito, maƙwabta suka fito, Kyari ya fito daga mota. Iska ta fara kaɗawa da ƙanshin ruwa.

Ya ce, "Ka ga layi?"

Na ce, "Na gani."

"Ka ga get?"

Na dubi akuyar. Na ce, "Na gani."

"Ba jirgi a hanya. Ka karɓa?"

"Na karɓa."

Ya miƙo jar tuta, ya miƙo koriya. Ya cire usur daga wuyansa, wanda ya zane ni a kansa ina yaro, ya rataya mini da hannunsa. Ya yi ajiyar zuciya irin wadda ban taɓa jin mutum ya yi ba, sai jaki in an sauke masa mangala. Ya ce, "Kyari, ɗauko akwatina."

Kafin ka ce me, an loda akwati da buta da tabarma. Ya yi sallama da Ya Kolo, gaisuwar da ta isa a dafa wake. Ya shiga gaba ya harɗe. Na kama ƙofar baya zan shiga, ya ce, "Ina za ka? Wa zai sallami mota? Ba a tashi sai an ba da tuta."

Na ce a raina, wannan ai mai sauƙi ne. Na tsaya a tsakiyar hanya, na busa usur har kunnena ya yi ƙara, na kaɗa koriya da iyakar ƙarfina. Yara suka yi shewa. Kyari ya ja mota a hankali, yana jira in zagayo in faɗa. Da kunnena na ji Yaya ya daka masa tsawa: "Mai tuta ba ya shiga jirgi! Taka!"

Kyari ya taka. Motar da ba ta taɓa gudu ba tunda aka ƙera ta, ranar ta gudu. Na bi su ina busa usur ina ɗaga ja. Daga baya Kyari ya ce ya gani a madubi, amma Yaya ya ce jar da aka ɗaga bayan jirgi ya wuce ba tasu ba ce, ta na baya ce.

Na dawo na tsaya a gaban ɗakin. Ya Kolo tana dariya har da riƙe ginshiƙi. Ta ce, "Ma'aikaci, me za a dafa maka?" Na dubi tsagar, na dubi gabas. Na ce mata ta riƙe abincinta. Na naɗe tutocina na nufi kara, ta hanyar mutane wannan karon. Can na sami babbar mota ta loda shanu za ta bi ta Gashua, kuma wa zan gani a sama in ba Bafillatanin nan ba, ya sayar da ragonsa. Ya miƙo mini hannu ya ja ni. Ya ce, "Babarbare, ga jirgin ya zo. Hau tarago." Ruwa ya kama mu tun kafin Jajimaji, ya dake mu har gida, ni da shi da shanu. To Alhaji Saleh, ka ji. Gaskiya ne, a bayan motar shanu na shigo.

Ruwan da ya dake ni, shi ya kwantar da ɗakin. Ya Kolo ta bugo wa Falmata waya da safe. Ta ce bangon ya zauna daidai inda tabarmarsa take. Falmata ta ajiye wayar ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Na je gidan da hantsi, ina tari. Na tarar da Yaya a inuwa, an cire masa kaki an sa masa jallabiya, jikoki sun kewaye shi, yana cin kifinku yana ɓata fuska yana ƙarawa. Na gaishe shi. Ya dubi tutocin a hammatata.

Ya ce, "Wa ka bar wa get?"

Na ce, "Yaya, ɗakin ma ya rushe."

Ya ce, "Ban tambaye ka ɗaki ba. Wa ka bar wa get?"

Ya juya wajen jikokin. Ya ce, "Ku gan shi nan. Wuni ɗaya bai yi ba ya gudu daga bakin aiki. In wani abu ya faru, ba ruwana. A wuyansa yake." Ya miƙe ƙafa, ya ci gaba da kifinsa.

Har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice, irin taku. Amma Falmata ta ce tunda ya zo, in ya yi asuba ya koma, barci yake har rana ta take, da minshari. Ta ce tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin ubanta yana barcin safe ba.

Ni ne yanzu ba na barcin. Tutocin suna rataye a ɗakina, matata ta so ta yi tsumman goge kwano da koriyar, muka kwana biyu ba ma magana. Don haka, 'yan majalisa, ku da kuke kwana da rediyo a kunne: duk ranar da kuka ji manya sun ce jirgi zai dawo Nguru, ku bar ni da shayina, mun saba. Amma in wani ya ji kukansa da kunnensa, ya zo ya buga mini ƙofa da sauri. Akwai turmin da za a janye, kuma ni ke bakin aiki.